Ɗumamen Asabar a Zauren Baba Saje

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa a nan Azare. Mutanen unguwa Saje suke ce masa, mu kuma Baba. Wanda duk ya zauna rubuta irin wannan waiwaye yakan fara da kyawawan halayen mamaci, kuma Baba yana da su, ba sai na ƙara masa gishiri ba. Amma ni abin da yake fara taso mini idan na tuna shi, kishi ne. Kishin mutanen da ya ba abin da ni ban samu ba. Furfura ta cika mini gemu, na yi ritaya daga aikin malamin gona, shekaruna sun kai a ce na wuce wannan, amma abin yana nan inda yake.

Ni ne ɗan farinsa. Wanda ya tashi a ƙasar Katagum, musamman a gidajen da jinin Fulani yake da ƙarfi, ya san abin da wannan yake nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya sakin fuska a gabansa, balle su sa hannu a kwano ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wancan lokacin abin yabo ce. Baba bai taɓa faɗin sunana ba har ya koma ga Allah. Ina yaro "kai" nake, ko "wancan yaron". Da na fara aiki a Gamawa sai aka yi mini ƙarin girma na koma "Malam". Idan yana son in yi wani abu, Inna yake gaya wa, ko da kuwa ina tsaye a tsakar gida ina jin sa da kunnena.

Baba ya yi yaƙin basasa. Yana can kudu aka haife ni, bai gan ni ba sai da na iya gudu. Ya dawo da tabo a cinya, da ƙin garin kwaki, wanda bai yarda ko mudu ɗaya ya kwana a gidanmu ba, ya kuma dawo da aboki. Baba Iliya mutumin ƙasar Bogoro ne, Kirista, dogo siriri mai saurin dariya. Bataliyarsu ɗaya a yaƙin. Da aka sallame su ya samu aikin masinja a wani ofishin gwamnati a Azare, shi ke nan ya zama ɗan gari, a nan ya haifi duk 'ya'yansa.

Kowace Asabar da hantsi Baba Iliya zai jingine kekensa a jikin zaurenmu. Tun ranar Juma'a Inna ta ware malmalar tuwon dawa da sauran miyar kuka ta rufe. Da safe sai ta yayyanka tuwon a tukunya, ta juye miyar, ta bar shi yana ɓararraka har ƙasan ya ɗan kama, sannan ta kwashe a akushi, ta zuba man shanu, ga yaji a gefe. Ɗumame ne dai, abincin da ko a gidan talaka ba a fitar wa baƙo da shi. Inna ta sha roƙon a bar ta ta yi musu waina ko funkaso don kada matar Baba Iliya ta ce rowa muke yi. Baba ya ce a'a.

Da na yi aure, sashen da aka ba ni bango ɗaya ne da zauren, kuma duk ƙarshen mako ina gida. Ta wannan bangon na san cewa mahaifina yana da wata murya. Mutumin da a cikin gida maganarsa ba ta wuce "an yi sallah?" da "a rufe ƙofa", sai ga shi yana ƙyaƙyata dariya har da tari. Su kira sunayen garuruwan kudu, su yi gardamar wane kogi suka fara ƙetarewa, su zagi wani kofur da ya mutu tun tuni. Can kuma sai murya ta yi ƙasa, sai a yi shiru mai tsawo. Idan na fito zan wuce na yi sallama, maganar ta yanke ke nan. Baba Iliya ya amsa gaisuwata da fara'a, Baba ya dubi tabarma ya ce, "Malam, an fito." Sai na bar ƙofar gida sannan su ɗora daga inda suka tsaya.

Na ji haushin Baba Iliya, kuma har yau ban daina ba. Tsohon nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Shi ya yi ta zirga-zirga da takarduna har na samu aiki, shi ya tsaya a kan hidimar bikina kamar ɗan'uwan Baba. Amma mutum ba dangin iya ba na baba, ya san abin da yake ba ubana dariya, ya san abin da yake sa shi yin shiru, ni kuwa da na fito daga jikinsa iyakata in ji ta bango.

Sai aka haifa mini ɗan fari namiji, na sa masa sunan Baba kamar yadda kowa zai yi. A gida Abba ake ce masa. Kunya ta zame mini biyu, ga shi ɗan fari, ga shi da sunan mahaifina. Na yi masa abin da aka yi mini ba tare da na san ina yi ba. Amma jika da kaka wasa ne a tsakaninsu, babu wata kunya. Tun yana rarrafe yake kutsawa zauren, ya dafa gwiwar Baba, ya tsoma hannu a akushin. Baba yana ce masa Takwara, suna faɗa a kan ƙanzo kamar sa'o'in juna. Haka ya girma a tsakanin tsofaffin sojoji biyu.

Yana sakandare, wata rana ina wanke babur a tsakar gida, na ji shi yana ba ƙannensa labari kamar abin da kowa ya sani. Wai su Baba suna wani daji a kudu, ruwan sama ba dare ba rana, sun daɗe ba abin da suke ci sai garin kwaki da naman gwangwani. Sai wani soja ɗan Gadau ya dawo daga hutu da ƙunshi daga wurin Inna: garin kuka, daddawa, barkono, da saƙon baki cewa ta sauka lafiya, an samu namiji, har an yi suna. Baba ya karɓi ƙunshin. Ya cire hular kwanonsa ya wanke, ya kaɗa miya a ciki, suka tuƙa garin kwakin ya zama kamar tuwo, ya kira abokansa ya ce su zo su ci tuwon suna. Suka rage kaɗan don ɗumamen safe. Kafin rana ta fito aka buɗe musu wuta. Cikin duk waɗanda suka ci tuwon nan, shi da Baba Iliya ne kawai suka kai ga ɗumamen.

Na tsaya da tsumma a hannu. Ni ne namijin da aka samu. Shekara da shekaru ana cin ɗumamen sunana bango ɗaya da ni, kuma sai a bakin ɗan cikina na ji, shi ma ba ni yake gaya wa ba. Wani zai ce ai sai in ji daɗi, ashe ubana ya yi murna da zuwana. Na ji daɗin, na kwana biyu ina jin sa. Daga nan kishin ya dawo, kuma wannan karon har da Abba a ciki.

Baba bai ga Takwaransa cikin kaki ba. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru yaron ya shiga soja. Da uwarsa ya yi shawara, da Baba Iliya, ni kuwa sanar da ni aka yi. Yanzu yana can wajen tafkin Chadi, kuma nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga wannan zamani. A lokacinsa yaƙi sai an shiga jirgin ƙasa an ƙetare manyan koguna, yanzu motocin sojoji ta tsakiyar Azare suke ratsawa su nufi Potiskum, masu tallan awara suna ɗaga musu hannu. A lokacinsa labarin haihuwa sai ya tsufa a hanya, yanzu soja yana rami yana kiran uwarsa a waya idan an samu sabis. Ina jin zai yi tsaki ya ce sojan yanzu shagwaɓaɓɓe ne, sannan ya faki ido ya aika a tambayo ko yaron ya kira. Zai yi baƙin cikin cewa bayan duk mutanen da suka binne a kudu don ƙasar nan ta zauna lafiya, jikansa ma sai da ya ɗauki bindiga. Abu ɗaya ne ba zai ba shi mamaki ba, har yau ƙunshin bai canza ba. Kuka, daddawa, yaji, sai dambun nama da uwar Abba take ƙarawa, ta kai tasha a ba direban Maiduguri.

Idan Abba ya kira, uwarsa ta sha hira, a miƙa wa ƙannensa su yi ta ihu. Idan aka miƙo mini kuwa, "Baba ina wuni," "Lafiya, ya aiki," "Alhamdu lillahi," "To, Allah ya tsare." An gama. Washegari in haɗu da Baba Iliya, wanda yanzu ido ya yi rauni har ya ajiye keke, ya ce mini, "Yaronmu ya kira jiya, an canza musu wuri, ya ce sauro ya fi na wancan yawa." Yaronmu. Sai in ce masa ai na ji, alhali ban ji ba.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce aka ba Abba hutun 'yan kwanaki. Ya rame, ya yi duhu, ba ya son a buga ƙofa da ƙarfi. Ranar Asabar, ana gobe zai koma, ya ɗauki babur ɗina ya je ya ɗauko Baba Iliya. Uwarsa ta yi musu ɗumame a akushin Inna. Ina sashena na fara jin muryoyin, dariya, sannan magana ƙasa-ƙasa. Na ce wa kaina gobe yaron nan zai koma inda ake zuwa wani lokacin ba a dawo ba. Baba ya tafi ban taɓa zama da shi ba, in wannan ma ya tafi a haka, ban san wanda zan yi wa kuka ba. Gidan nan yanzu ni ne babba, babu wanda zai ce na yi rashin kunya. Na wanke hannu, na yi sallama, na zauna a bakin tabarma, na yi bisimilla na sa hannu a akushin.

Abba ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya ja da baya har ya sauka daga tabarmar, ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki in ce ya matso, sai na ga ba ni da sunan da zan kira shi da shi.

Na ce, "Kai, ci mana."

Ya ce, "Na ƙoshi, Baba."

Ko rabin gabansa bai ci ba. Baba Iliya ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ya juyo inda yake jin muryata ya ce, "Malam, ai kai ma haka ka ce."

Na ce, "Ni? Yaushe, Baba?"

"Asabar ɗin da za ka tafi Gamawa kama aiki. Saje ya sa an ƙara tuwo, ya ce mini yau da bakinsa zai ba ka labarin sunanka. Ya aiki ƙanwarka ta kira ka. Ka zo bakin ƙofar nan ka durƙusa ka ce ka riga ka karya. Ya dube ni ya ce, ka ga yaro mai tarbiyya. Bai sake gwadawa ba."

Na tuna ranar sarai. Ban karya ba, da yunwata na shiga mota. Na ɗauka gwada ni ake yi, na kuma yi alfahari da cewa na ci jarrabawar.

Na dubi ƙeyar Abba. In na ci gaba da zama, haka zai koma daji bai ci abin da uwarsa ta tashi da sassafe ta dafa masa ba. Na suɗe hannuna, na ce ina da wanda zan gani a kasuwa. Ban je ko'ina ba, sashena na koma. Jim kaɗan na ji sun ci gaba da magana, daga baya uwarsa ta fito da akushin an cinye tas.

Kakin Baba asu ya cinye shi tuntuni, 'yan lambobinsa yara sun yi wasa da su sun ɓatar. Abin da ya rage nasa shi ne aboki ɗaya da ya tsufa a garin da ba nasa ba, da jika da ya gaji sunansa da aikinsa, da wannan kunyar da muka riƙe masa amana fiye da yadda shi kansa ya so. Allah ya yi masa rahama, ya haskaka kabarinsa, ya tsare 'ya'yan mutane da suke kwana a daji don mu kwana a gida. Kishin Baba Iliya kam ban warke ba, don har labarin ranar da ubana ya kira ni, shi ya riƙe shi duk shekarun nan. Amma in Allah ya dawo mini da yaron nan, zan sa uwarsa ta ƙara tuwo, in sake wanke hannu. Baba sau ɗaya ya gwada. Ni ba zan tsaya a ɗaya ba.