Jegona a Gaban Wutar Gilashi

Da maigidana ya ce mini akwai sanyi a Madina, dariya na yi masa. Na ce, "Malam, ƙasar rairayi, wane sanyi?" Karatu yake yi a jami'a, ya ɗauko ni daga Zariya a farkon shekarun dubu da ɗari huɗu na Hijira. Sai da na haihu a tsakiyar ɗarin da suke ce wa shita, sannan na yi shiru da bakina. Sanyi ne busasshe mai bin ƙashi, wanda rana ma ba ta iya masa.

Haihuwar fari ce, ba uwa ba kaka a kusa. Wadda ta tsaya mini ita ce tsohuwar da muke haya a gidanta wajen Ƙuba, muna ce mata Iya. Iyayenta daga Damagaram suka zo a ƙasa, ita a Madina aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita kuma ta yanke cewa maijego ba ta zama ba wuta. Tun da ba gadon ƙasa irin namu na gida, sai ta tura kaskon gawayi ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta bi taga da ƙasan ƙofa ta cusa tsumma, kada sanyi ya shige ni.

Bayan suna da kaɗan, wata safiya na ɗauki yarinyar na ji ta yi laƙwas, ta ƙi kama nono, ni kuma kaina kamar ana sara da gatari. Muka ruga asibiti. Allah ya sa ta farfaɗo, likita kuwa ya ce kada a ƙara shigar da gawayi inda take. Iya ta taɓe baki ta ce, "Shi likitan ya taɓa jego ne?" Muka cire kaskon, sanyi ya kama ƙirjin yarinyar, numfashinta ya koma fito. Muka kawo daffaya, abin ɗumama ɗaki mai kananzir, warin ya sa ta tari har ta shiɗe. Na rasa inda zan sa kaina. Na yi kuka, na yi wa Malam masifa, har na ce ya mai da ni gidanmu.

Ɗan Iya ne ya kawo mafita. Shi ke kula da wata gonar dabino a Awali, mai gonar kuma ya taɓa zama a ƙasar Turawa, ya dawo ya gina ɗakin hutawa da murhu irin nasu. Ɗan Iya ya roƙar mana izini mu ƙarasa arba'in a can, Iya ta biyo mu.

Ikon Allah! Ban taɓa mancewa da shigata ɗakin nan ba. A jikin bango aka yi wa wutar gida, da ƙofofi biyu na gilashi masu hannun tagulla, da ragar ƙarfe a ciki. Itace na ci bal-bal, ɗumi ya cika ɗaki, na buɗe hanci na shaƙa, na sake shaƙa, babu hayaƙi ko kaɗan. Ni da na tashi a gindin murhu, ido na hawaye, zane na ƙauri, ban san ana iya raba wuta da hayaƙinta ba. Na tsaya da yarinya a kafaɗa ina ta salati kamar wadda ta ga Ka'aba karon farko.

Daga bayan ƙofar ɗaki ɗan Iya ya yi bayani. Hausa ake yi masa, shi yana amsawa da Larabci, Malam na juya mini. Akwai marfi a maƙogwaron bututun hayaƙi, a buɗe shi kafin a hura, kada a rufe sai toka ta huce. Idan harshen wuta ya tashi, a bar gilashin a buɗe, a ja raga saboda tartsatsi. Idan ya koma garwashi, a rufe gilashin. Busasshen itace kawai, ban da rassan dabino, don tsalle suke yi. Ruwa kuwa ko ɗigo kada ya taɓa gilashin yana da zafi, tsagewa zai yi. In ya yi baƙi, a bari ya huce a goge shi da toka da jiƙaƙƙen tsumma.

Na riƙe dokokin nan kamar karatun allo. Kullum bayan wanka nakan zauna a kan darduma, yarinya a cinya, ina kallon garwashi ta cikin gilashi, ja yana tafiya a jikinsa daga wannan gefe zuwa wancan. A hankali fiton ƙirjinta ya fara raguwa, ta soma jan nono da ƙarfi. Iya dai ba ta gamsu ba. "Wannan ai talabijin ce, ya binti," in ji ta, wato 'yata. "Wutar da ba a gasa hannu, ba a zuba mata turare, wuta ce?" Ni kuma bakina ba ya shiru, na ce, "Iya, talabijin ɗin nan ta fi kaskonki mutunci." Ta ce 'yan Nijeriya ba mu da kunya, muka yi dariya.

Wata rana da hantsi, garwashi ya kwanta, na rufe gilashi, Iya na zaune a ƙasa tana naɗe kayan yarinya. Sai ta ji wata 'yar iska na bin ƙafarta. Iya da iska ba sa ga maciji. Ta bi ta da tafin hannu har gindin murhun, ta gano wasu 'yan ramuka a jere ƙarƙashin ƙofofin. Gefen mayafinta ya manne a wurin, ana zuƙarsa ciki. "Yawwa, ga ɓarauniyar!" Kafin in ce tak, ta ɗauki busasshen tsumma ta cusa, ta daddanna shi yadda ta saba.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai abin da na gani ya hana ni. Muna kallo jan garwashin ya fara dusashewa, daga gefe yana shiga tsakiya, har ya koma kamar gawayin da ba a taɓa hurawa ba. Iya ta zare tsumman. Wallahi kamar an hura masa rai, ya yi ja, ya haskaka. Ta mayar, ya sume. Ta zare, ya farfaɗo.

"Ashe numfashi take yi," in ji Iya a hankali, ba da ni take ba. "Wutar ma numfashi take yi."

Na ce, "Haka na gani, Iya."

"To idan ɗaki a toshe yake, na wa take sha?"

Ta daɗe tana kallon tsumman da ke hannunta.

"'Ya'ya biyu na haifa, ya binti, kafin wannan ɗan nawa da kika sani. Duk da shita na haife su, duk ba su yi arba'in ba. Da safe aka same su kamar suna barci, aka ce kwana ne ya ƙare." Ta ajiye tsumman a ƙasa. "Kuma ni na iya toshe ɗaki. Duk unguwarmu ba wadda ta kai ni."

Hawaye kawai nake yi.

Ta ce, "Miƙo mini ita."

Na miƙa mata yarinyar. Ta rungume ta, ta kara kuncinta daidai hancinta, ta rufe ido tana sauraro. Har aka kira azahar ba ta ɗago ba.