Shingen Bayan Aji Uku

Kullum da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, Malamar aji uku takan zagaya bayan ajinta da gashin kaza guda a hannu. Ta sunkuya ta shafa shi a cikin furen kabewa, ta kai shi cikin wani furen ta sake shafawa. In ta gama sai ta soke gashin a ɗankwalinta ta shiga aji. Tagar ajina tana kallon wurin, na kuma daɗe ina gani kafin na tambaya.

"Aikin wasu nake riƙe musu," in ji ta. "Ƙudan zuma ke ɗaukar garin fure daga namiji su kai wa mace. Mun kore su. Ga ta nan tana fure tana zubarwa."

Ba ta faɗi yadda aka kore su ba, ni ma ban tambaya ba. A makarantarmu duk yaron da ya makara lauje ake miƙa masa, ya yanke duk abin da ya tsiro. Abin da lauje ya bari, mai feshi ya ƙarasa.

Ita kuwa sai ta shiga barin abubuwa su tsiro. Ta watsa riɗi da ɗoɗɗoya, ta bar albasa ta yi kai har ta fitar da fure, ta ƙyale wata ciyawa mai rawayan fure wadda kowa ke tugewa a ƙofar gidansa. Ta ajiye fasasshen kasko da ruwa, ta zuba tsakuwa a ciki don ƙwari su sami wurin tsayawa.

Ranar da malamin horo ya turo 'yan makara wurin, sun tarar da ita zaune a kujera a tsakiyar ciyawar tana duba littattafan yara.

"Ku fara da ƙafata," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Yaran suka koma da laujensu.

Hedimasta ƙanin marigayi mijinta ne. Yana ƙarami aka kawo ta gidansu, ita ta riƙa cuɗa masa baya. A ofis yana Hedimasta, a bakinta kuwa bai taɓa wuce Auta ba. Wannan ya sa maganar ciyawar ta yi masa nauyi, ya yi kamar bai ji ba.

Damina ta biyu masu aikin, ƙudan zuma, suka dawo. Da hantsi wurin har gurnani yake. Malam-buɗe-littafi yakan shigo mana ta taga, darasi ya tsaya. Kabewa ta zauna, ta yi 'ya'ya. Sai ƙudan zuma ya harbi wani yaro a fatar ido, ido ya rufe ruf. Uban ya zo da faɗa, maganar ta kai gaban kwamitin iyaye.

Ina ofis lokacin da Hedimasta ya kira ta.

"Yaya, kwamiti na so a share wurin nan."

"Wa zai share? Kai?"

"Idon yaro ne fa, Yaya."

"Na je na duba shi, kumburin ya sace. Jifan su ya yi. Kai ma da ka jefi na bayan gida, leɓenka ya fi wannan kumbura, ba wanda ya sare bishiyar."

Hedimasta ya dube ni, ni kuma na dubi kalandar bango.

Abin da ya iya samo mata shi ne wannan: ta kewaye wurin da shinge don kada yara su shiga. Ranar da shingen ya kammala, kwamiti zai zo ya gani ya yanke hukunci. Kafin nan ba mai taɓawa. Hukuncin kuwa ba ɓoyayye ba ne, don shugaban kwamiti ya riga ya faɗa a bakin ƙofa cewa da shinge da babu, wurin sai ya zama fili.

Malama ta ce, "Sai ya kammala, ko?"

"Sai ya kammala."

"To, madalla."

Ɓangaren da ke fuskantar filin wasa ta fara yi, ta kuma gama shi da wuri, da kauri, ko akuya ba ta ratsawa. Ba a sake harbin kowa ba. Sauran ɓangarorin ne suka zo da wahala. Yau itace bai bushe ba, gobe ƙasa ta yi tauri. Wani zangon karatu gaba ɗaya ya tafi a neman igiyar da ta dace. Na taɓa yi mata tayin hannu, ta yi mini wani kallo, ban sake ba. Ga kuma gara da ta riƙa cin abin da aka kafa, ko da yake ban taɓa ganin gara mai kwance ƙulli ba.

Duk taron kwamiti sai an tambaya, Hedimasta ya ce ana kan aiki. Wani lokaci yakan tsaya a bakin wurin, hannu a baya.

"Yaya, shingen nan jikokina za su gan shi?"

"In ka yi musu tarbiyya, za su taya ni."

Shugaban kwamiti ya sauka, wanda ya gaje shi ya gaji tambayar. Malama ta yi ritaya, amma ba ta daina zuwa ba. Ta ce ba za a ce ta bar aiki rabi ba. Mai gadi yakan buɗe mata, ta kafa dirka ɗaya, ta zauna ta huta har azahar.

A ƙarshen daminar bara ƙafa ta ƙi ta. Muka je duba ta da Hedimasta, muka same ta kwance a ɗakin 'yarta, murya ta yi ƙasa.

"Auta, saura gefen famfo."

"Na sani, Yaya. Zan sa a ƙarasa miki."

Ta buɗe ido sosai.

"Aikina ne. Kada wanda ya sa mini hannu."

Bayan kwana kaɗan Allah ya yi mata rasuwa.

Gefen famfo yana nan a buɗe, faɗinsa bai fi a shige da baro ba. Dirkokin da ta fere suna jingine da bangon aji uku, igiyar na rataye a ƙusa. A taron da ya wuce an sake tambaya. Hedimasta ya ce ana kan aiki.