Lallen da Inna Ba Ta Yankewa

A gidanmu na Tsamaye ba a shuka abu don kallo. Zogale na kwaɗo ne, kabewa ta hau danga don miya, yakuwa kuwa kowa ya san aikinta. Lalle ma sana'a ne. Mata na yanke shi tun bai yi fure ba, su shanya ganyen, su daka, a kai kasuwar Sabon Birni, wai in aka bari ya yi fure ƙarfinsa ya tafi can, ba zai kama hannu ba. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana yanke nata kamar kowa, amma akwai tushe ɗaya a bakin danga da bai taɓa ganin lauje ba.

Da bazara, lokacin da rijiya ke yin ƙasa har guga ya riƙa fitowa da laka, shi wannan lallen yake cika da fure. Ba wani asiri ba ne. Inna ta ajiye faffaɗan dutse a gindinsa, ta kafa doka: duk mai alwala a gidan nan, can zai yi ta. Ni da nake da gajen haƙuri na sha yin tsaki, ga inuwar zaure amma a ce sai na tsuguna cikin rana saboda icce. Baba ma yakan tsokane ta.

"Wanga icce ya hi mu gata gidan ga. Ƙamshi za a tuƙa muna?"

"Kai dai yi alwallarka, Malam. Na gane ka jiya kana tsaye kana shaƙa."

Furen ƙanana ne, farare masu ɗan ruwan madara, a cunkushe kamar 'yar zangarniyar dawa. Ba su da wani kyan gani. Amma in la'asar ta yi, iskar bazara ta taso, har maƙwabta sai sun san ya buɗe. Mata su shigo wai ɗibar wuta, su fita da reshe soke a ɗankwali. Inna kan tsinka ta zuba a kwallar tufafinta, shi ya sa zanenta na sallah daban yake da na kowa.

Baba ya rasu, na yi aure a Isa, sannan zaman ƙauye ya gagara. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana barci, mutane suka yi ta kwashe kaya. Yayana ya ɗauko Inna ya kawo ta gidan da yake haya a Sabon Birni. Tsakar gidan duk siminti ne, ruwan alwala sai ya bi rariya ya fice titi. Ta gwada shuka iri a gwangwani, zafin simintin ya dafa shi. Ana nan yanar ido ta rufe mata gani.

Duk bazara in na je gaishe ta, tambayarta ɗaya: "Ko ya yi hure?" Yayana ya ce ya yi, Inna, an ce ya yi. Wa ya ce? Ba kowa. Haushi ya kama ni, don na san ta san ƙarya ce, kara kawai take yi masa. Bazarar da na je ba ta tambaya ba, ta juya fuska bango tana jan carbi, ita ce ta tsorata ni. Na ga tsohuwar nan za ta tafi ba ta ƙara jin ƙamshin gidanta ba.

Na tsare yayana a zaure. "Za ni gida. In ba ka kai ni, ni hau na haya."

"Ke kam kanki da tauri. Kin san hanyar?"

"Ni san ta. Gani ya kori ji, Yaya."

Da aka ce hanya ta ɗan lafa, muka bi ayarin 'yan kasuwa da safe a kan babur ɗinsa, har muka isa. Dangarmu ta kwanta, ɗakin Baba ya rufta, na shirya zuciyata in ga busasshen kututture. Sai ƙamshi ya tare ni tun daga zaure. Lallen ya fi ni tsayi, ya yi fari fat. Na tsaya ina kuka kamar wadda aka daka.

Wata Bafulatana ta fito daga ɗakin Inna da goyo. Su ma an tashe su daga rugarsu, suka sami kango suka raɓa. Ta tsorata, ta ɗauka korarta muka zo yi. Na ce mata baiwar Allah, zauna abinki, icce na zo gani. Na tambaye ta yadda aka yi ya rayu.

"Ni iske dutse nan da gurbin buta," in ji ta. "Nic ce mai gidan ga nan take alwalla. Ni ma sai niy yi nan."

Na karya rassa masu fure na naɗe a mayafina. Ta ce in bari ta jiƙa mayafin, rana za ta cinye su. Na leƙa tulunta, ruwan bai fi na shan yaranta ba, kuma na san nisan rijiyar da ta rage. Na ce a'a, ba komai, yanzu za mu kai. Ta nace, na nace, na fi ta taurin kai.

Rana ta take muka juyo. Yayana bai tsaya ko'ina ba, ba a tsayawa a hanyar nan. Iska mai zafi tana dukanmu, na rungume ƙunshin a ƙirji. Da muka isa na kwance shi a gaban Inna, furen ya ƙone ya zama gari, rabi ya zube a hanya, sai tsirarun tsinke. Na zagi rana, na zagi babur, na rasa wanda zan kama.

Inna ta lalubi tsinkayen, ta ajiye gefe. Sai ta kamo bakin mayafin ta kai hancinta. Ta daɗe a haka.

"Wa ka ba shi ruwa?" ta tambaya daga baya.

Na gaya mata.

"Allah shi shayar da ita. Ɗiyata, bar mini wanga mayahi. Kada a wanke."

Da mayafin aro na koma Isa ranar. Inna ba ta ga wata bazarar ba. Bayan an yi addu'ar bakwai matar yayana ta miƙo mini shi a ninke, ta ce a ƙarƙashin matashin Inna ta same shi. Na kai hanci. Babu ƙamshin lalle ko kaɗan, sai nata. Ina kewarta, ina kewar gidan, kuma har yau ban wanke shi ba.