Hoton Mama Lai'atu

Idan ka taɓa zuwa biki ko jana'iza a Kafanchan cikin shekaru ashirin ɗin nan, to ka ga Meshak, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai sanƙo da ke kutsawa tsakanin fasto da amarya, kyamara a wuya, yana ce wa dattawan coci "Baba, a ɗaga haɓa," ba tsoro ba kunya. Ɗan Fadan Kagoma ne, auta a wurin uwarsa Lai'atu. Ubansa ya rasu yana aji uku a sakandare, karatu ya tsaya, aka kawo shi gari wurin wani tsohon mai hoto kusa da tashar jirgin ƙasa. A can ya koyi aiki tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu. Yau yana da shagonsa, da matarsa Hellen, da 'ya'ya uku, da wani babur da sai an tura shi kullum da safe.

Aiki kam ya iya, wannan ba mai musu. Ciwonsa ɗaya ne, son kayan aiki. Mutum ne da zai bar tuwo ya huce yana kallon bidiyon Turawa suna buɗe kwalin kyamara a waya. Hellen ta yi faɗa har ta gaji, yanzu sai dai ta rufe kwanon ta wuce.

A watan Agusta wata tsohuwa mai suna Tamar ta rasu a Fadan Kagoma. Ita ce aminiyar Lai'atu, tare suka yi shekara arba'in a zumuntar mata ta coci, benci ɗaya. To kun san yadda ake yi a wurinmu: ba a binne babba sai da hoto. A sa shi a fosta, a sa a takardar sujada, a buga a riguna, a kafa babba a gaban akwati. 'Ya'yan Tamar suka nema suka rasa, sai suka yanko kanta daga wani hoton taro suka ƙara masa girma. Ya fito dishi-dishi, ga kafaɗar wata mata a gefen kunnenta. Lai'atu ta zauna a gaban wannan hoto tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa, ranta yana ɓaci.

Da aka tashi ta kama hannun Meshak a bakin coci. "Ka ga abin da aka yi wa Tamar? Ni ba za a yi mini haka ba. Ka zo ka ɗauke ni tun ina kan ƙafata, da zanen zumunta, in ga abina da idona in ajiye."

"Haba Mama, wace irin magana ce wannan? Ina za ki?"

"Inda Tamar ta je. Yaushe za ka zo?"

Ya ce Litinin, don Asabar da Lahadi na masu biki ne. Litinin ɗin ta zo, Lai'atu ba ta je gona ba. Ta sa gawayi a dutsen guga, ta goge zane da ɗankwali, ta zauna a ƙofar ɗaki tun hantsi. Meshak bai zo ba, wai wata makaranta ta kira shi hoton 'yan aji. Litinin ta gaba kuma ruwa ya tsare shi.

Ana cikin haka wani kamfanin waje ya sanar da sabon lens, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Kai, abin ya shiga ran Meshak! Dogo ne kamar taɓarya, kana tsaye a wannan bakin fili ka jawo fuskar mutum daga wancan bakin, har gashin girarsa ka ƙirga, bayansa kuwa ya narke ya yi laushi. Ba a fara sayarwa ba ma, sanarwa ce kawai, amma Meshak ya haddace nauyinsa da tsawonsa. Irin wannan kaya ba na mai shago a Kafanchan ba ne, shi ma ya sani. Sai dai yana da aboki, Sylvester, ɗan ma'aikacin reluwe da suka taso tare, wanda yanzu ke sayar da kyamarori a Legas. Sylvester ya ce masa a waya, "Meshak, kwantar da hankali. Ranar da abin nan ya sauka shagona, zan kawo maka shi ka riƙe sati ɗaya. Ka ɗauki duk abin da kake so."

Tun daga ranar Meshak ya samu abin faɗa. Hoton Mama ai ba na yi da tsohon ido ba ne. Kuma a bar gaskiya, akwai ƙamshin hujja a maganarsa. Lai'atu in ta ga kyamara sai ta sandare kamar sabon soja, ta haɗe fuska, ta manne hannuwa a cinya. Shi kuwa matar da ya sani mai dariya ce, irin dariyar da ke sa ta dafa bango. Ya ce da sabon idon zai laɓe can wajen rumbu, ya bar yayarsa Hulda ta ja ta da hira, ya kamo dariyar ba ta sani ba. Ya faɗa wa Hellen, ya faɗa wa Hulda, ya faɗa wa kansa har ya yarda. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba ya son ɗaukar hoton da ya san inda za a kafa shi.

Hulda, wadda ke zaune da tsohuwar a gida, ta gaji da ganin ana guga ana ninkewa. Ta ce, "Mama, ki tsaya in ɗauke ki da waya mana, kafin shi mai kayan Turai ya shirya."

"Na haifi mai hoto, sannan in tsaya gaban waya? A ce me a gari?"

A watan Oktoba Meshak ya je gida ɗaukar doya, yana dawowa daga wani aiki a Kwoi, kyamara na rataye a wuyansa. Lai'atu na ganinsa ta miƙe za ta shiga ɗaki ta sa kaya. Ya tare ta. Ya zaunar da ita ya buɗe waya yana nuna mata sabon idon, yana bayani da hannu da ƙafa, wai an ɗaga fitowarsa zuwa Disamba, saura kaɗan. Ta kalli wayar, ta kalli abin da ke ƙirjinsa.

"Wannan na wuyanka ya makance ne?"

Ya yi dariya. Ya ce batir ya mutu. Batir kuwa cike yake, har da wani a aljihu. Ya ɗaure doyarsa a bayan babur ya kama hanya, ita kuma ta raka shi har bakin titi tana sa masa albarka. Wannan ƙaryar ita ce ta fi ci masa rai daga baya, don ba wanda ya tilasta shi.

Ƙarshen Nuwamba, lokacin tonon citta, Lai'atu na zaune a tsakar gida tana tsaga citta don shanya, sai wuƙar ta faɗi daga hannunta. Hulda ta yi mata magana, ta amsa da wata murya da ba a gane ba. Lokacin da waya ta iso Meshak yana shago, yana kallon bidiyon nan dai a karo na ba adadi. Sati biyu suka yi a asibiti. Ubangiji ya yi jinƙai ta tashi, hankalinta garau, amma hannun dama ya mutu, ido ɗaya ya sauka, bakin ya karkace gefe. Magana sai a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

Meshak ya yi hidima, ba a ce bai yi ba. Shi ne sayen magani, shi ne ɗauko ta, shi ne kai ta. Amma ya daina shiga gidan da kyamara, kuma in yana gaishe ta sai ya kalli hannunta ko tabarma. Sylvester ya kira da murna, kaya ya sauka, yana tafe da shi ranar ashirin da uku ga Disamba. Meshak ya ce, "To, Allah ya kawo ka lafiya," ya kashe wayar.

Lai'atu ce da kanta ta aika. Hulda ta kira shi ta ce, "Mama ta ce ka zo gobe da kyamara. Ta ce ta wuyanka, ba ta jiran wata."

Ya je. Hulda ta ɗaura mata zanen zumunta, ta kafa mata ɗankwali, suka zaunar da ita a kujera a gindin mangwaro, aka ɗora mataccen hannun a kan Littafi Mai Tsarki. Ya ɗaga kyamara ya danna sau uku. Duka-duka aikin bai kai minti biyar ba. Minti biyar, jama'a! Abin da ya sa tsohuwa ta yi ta guga tun Agusta ke nan.

Ya koma shago da niyyar gyarawa a kwamfuta, tunda yana goge wa amare ƙuraje, yana rage wa angwaye tumbi. Ya fara neman tsohon hotonta da zai duba. Ya buɗe ajiyar shekara da shekaru, fuskoki dubbai, uwayen mutane birjik, kowace da ɗankwalinta. Tasa uwar sau huɗu ya same ta. Uku tana can layin baya a taro, ɗaya kuma a bikinsa ne, ta juya baya tana raba shinkafa. Ya rufe ido ya nemo dariyarta a ka. Muryar tana nan, dafa bangon yana nan, amma yadda bakin ke yi ya ɓace masa. Ta wane gefe murmushinta ke farawa? Ya tambayi Hellen ta ce hagu, ya tambayi Hulda ta ce dama. Shi da ya yi shekara ashirin yana gyara wa baƙi haɓa, bai sani ba. Ya kifa kai a tebur ya yi kuka, da rana tsaka, ƙofar shago a buɗe.

A rana ta uku ya yi dabarar masu sana'a. Kowa na cewa Hulda ce ta ɗauko kamannin Mama, sai ya yanko baki daga wani hoton Hulda, ya ɗora, ya daidaita launi, ya ƙara 'yan layukan tsufa, ya ɗaga idon da ya sauka. Ya fito tsaf, ba mai cewa an taɓa. Ya wanke shi babba ya sa a firam. Na ainihin kuma ya wanke ƙarami ya jefa a jaka, shi ma bai san dalili ba.

Lai'atu ta karɓi firam ɗin da hannun hagu ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa a kan gilashin, daidai wurin bakin.

"Wannan... bakin Hulda ne."

Hulda ta leƙo, ta kama baki. Meshak ya fara kame-kame, wai haske ne, wai kwamfuta ce. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Bakin nan ni na ba shi nono. Ina nawa?"

Ya ciro ƙaramin daga jaka ya miƙa mata. Ga ta nan yadda take, ido a sauke, baki a karkace, ɗankwali a kafe daram. Ta kalle shi, ta gyaɗa kai.

"Wannan za a sa. 'Yan zumunta sun zo gaishe ni, haka suka gan ni. Ka yi shi babba." Ta huta, ta haɗiye yawu da ƙyar. "Kuma ka rubuta sunanka a ƙasa, yadda kake yi wa na mutane. Duk wanda ya zo, ya san ɗana ne ya ɗauka."

Meshak ya ɗaga kai ya dube ta sosai, karo na farko tun asibiti. Ya nemi fushi a fuskar, ya nemi gori, bai samu ko ɗaya ba. Da gaske take, alfahari take yi da shi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya ce, "To, Mama."