Colby Ya Tashi da Ƙafarsa

Ba faɗuwar ce ta tsorata Larysa ba. Faɗuwa ai abincin 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara ce, kuma ta sha ganin yayanta Colby a ƙasa. Ranar Lahadi ce da la'asar, ita da mahaifinsu Orest suna zaune kusa da katangar gilas, sai wani ƙato daga ƙungiyar baƙi ya taho a guje ya haɗa kan Colby da katangar. Ƙarar ta kai har layin baya. Colby ya zube, ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya dogara sandarsa ya miƙe. Fili ya ɗauki tafi. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka shiga buga sanduna a kan ƙanƙara, gaisuwar da ake yi wa duk wanda ya tashi da ƙafarsa.

Sai ya nufi bencin baƙi maimakon na ƙungiyarsa. A natse yake tafiya kamar mai komawa ɗakinsa, har ya ɗaga ƙafa zai tsallaka ya zauna cikin mutanen da suka buge shi. Abokin wasansa Rémi ya bi shi, ya kamo rigarsa ta baya ya juyo da shi. Mutane suka kwashe da dariya. Wani daga sama ya ɗaga murya: "Tsoho, sauya sheƙa ka yi ba mu sani ba?"

Orest ma ya murmusa. "Kin gani ko? Bai kwanta ba."

Larysa kuwa ba ta ɗauke ido daga kan Colby ba.

Da wannan kalma ta "kada ka kwanta" aka reni Colby. Garinsu Wynholm ɗan ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan a Kanada: titi ɗaya, coci biyu, da filin ƙanƙara wanda ya fi makarantar garin samun fenti. Duk shekara in sanyi ya kankama, Orest yakan ja tiyo zuwa bayan gida ya yi ta feshin ruwa, in ya daskare ya ƙara, har farfajiyar ta koma kamar madubi. A nan Colby ya koyi tsayuwa a kan takalmi mai wuƙa, yana tura kujerar kicin a gabansa. Da ya fara wasa da yaran gari, Orest ya kafa masa doka guda.

"In ƙafa ba ta karye ba, ka tashi. In ta karye, ka ja ciki ka iso benci. Uwarka tana cikin 'yan kallo, kada ka tsinka mata zuciya a banza."

Ba Orest ne ya ƙirƙiro ta ba. Haka ubansa ya gaya masa, haka kowane uba a garin yake gaya wa ɗansa. Yaron da ya kwanta har aka shigo ɗaukarsa, sai ya jima bai huta da bakin tsaransa ba.

Colby na shekara goma sha shida wata ƙungiyar matasa ta ɗauke shi zuwa gari mai nisa, aka ba wasu mata da miji riƙonsa. Larysa lokacin ko makaranta ba ta daɗe da shiga ba. Abin da take tunawa shi ne jakarsa mai tsamin zufa a bayan mota, da mahaifiyarsu Marlene tana cusa masa robar pirogi, ƙullin fulawar nan mai dankali da cuku, tana magana ba ta dube shi ba: "Ka ce wa matar ta soya albasa da man shanu ta zuba. Kada ta dafa maka su kamar sabulu."

Daga nan yayanta ya koma suna a bakin mai sharhi, a rediyon kicin. Mai tsaron baya ne, ba ya cin ƙwallo, don haka sunan ba ya fitowa sai in ya tare harbi da jikinsa ko an kore shi saboda faɗa. Larysa takan kafa kunne tana aikin makaranta, in ta ji an ce Yaremko, sunan gidansu, sai ta ajiye fensir.

Da bazara kaɗai yake zuwa gida. Kowace shekara ya ƙara faɗi, haƙori kuma ya ragu. Yakan zare haƙoran roba na gaba ya sa mata a kofin ruwa don ta yi ihu.

"Farfesa, me littafi ya ce yau?"

"Ya ce mai giɓi ya rufe baki in yana cin abinci."

"Mama, kin ji 'yarki? Ni da na yi mata goyo."

"Goyo ɗaya ka yi mata, ka yar da ita a dusar ƙanƙara," in ji Marlene.

Kafin ta gama sabawa da shi, alkama ta yi ja, shi kuma ya haɗa kaya. Sansanin horo yana buɗewa ne daidai lokacin girbi, don haka bai taɓa tuƙa wa ubansa motar yanka ba tun da ya girma.

Babbar gasa ta kira shi sau ɗaya tak. Wani ne ya ji rauni, aka bugo masa waya ya hau jirgi. Orest da Marlene suka wuni a mota suka je. An sa shi 'yan mintoci, bai yi kuskure ba, bai kuma yi abin da za a tuna ba, washegari aka mayar da shi inda ya fito. Ya yi shekaru yana kwana da waya a kusa da kai, ba a sake bugowa ba. Sauran rayuwarsa ta wasa a ƙananan ƙungiyoyi ya yi ta, a doguwar bas, daga wannan gari zuwa wancan, sannan Jamus, sannan Slovakia, a garuruwan da Marlene ba ta iya faɗin sunayensu.

Daga can yakan kira Larysa lokacin tana jami'a. Ba ya zancen wasa. Tambayoyinsa na gida ne, kuma duk na hunturu.

"Tafkin bayan coci ya daskare?"

"Yaya, ina birni, ina zan sani?"

"To tambayi Baba mana. Ki tambaye shi ko yana feshin bayan gida har yanzu."

"Wa zai fesa wa? Kare?"

Sai ya yi dariya. A hankali ta gane cewa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ƙanƙara bai sake zama a hunturun garinsu ba tun da ya fita, sai kwana biyun Kirsimeti in an yi sa'a. Ƙanƙarar da yake taka ta inji ce, a ƙarƙashin rufi da fitilu. Ya taɓa ce mata ba abin da yake marmari kamar ya yi gudu a tafki da safe, ba alƙalin wasa, ba agogo, iska tana yankar kunne, har Mama ta leƙo ta ce abinci ya huce.

Bara ya samu wuri a wata ƙungiya a Kanada, tafiyar rabin yini daga gida. Ya zo bikin gama karatun Larysa cikin kwat da ta matse masa kafaɗa, ya fi kowa ihu da aka kira sunanta. A wajen cin abinci ya ce musu kakar wasa ɗaya ta rage masa.

"Haka ka ce shekarar da ta wuce," in ji Marlene.

"Wannan karon gwiwata ce ta faɗa, ba ni ba. In na dawo, Baba ya huta. Ke kuma Farfesa, in ba ki samu aiki ba, sai ki riƙa kawo mini abinci gona."

"Allah ya kiyaye."

Ba ta samu aikin ba. Tana gida tana aika takardu, tana taya Orest kula da shanu, kuma a ranta ta fara lissafin hunturu mai zuwa, na farko da za ta yi da yayanta a gida ɗaya tana da wayo. Ranar wasan nan na Lahadi Marlene ba ta bi su ba, saboda akwai saniya da ke gab da haihuwa.

Bayan bugun, mai kula da lafiyar ƙungiya ya shiga da Colby ciki. Hankalin Larysa ya ɗan kwanta, don ta san yanzu akwai gwaji, ba a mayar da wanda kansa ya taɓu. Amma da aka dawo zango na ƙarshe sai ga shi ya fito, ya yi wasa har aka tashi. Suka same shi a bakin ɗakin sauya kaya, gashinsa jiƙe, ya rungume su.

"Mama ba ta zo ba?"

"Jar saniyar nan ce za ta haihu," in ji Orest.

"Ai kuwa." Ya tambayi yadda hanya take, ya tsokani Larysa a kan hularta. Suna cikin tafiya zuwa mota ya waiwaya yana duban bayansu. "Wai Mama ba ta zo ba?"

Kafin Larysa ta buɗe baki ya dafa motar wani, ya yi amai, ƙafafunsa suka lanƙwashe.

A asibiti aka ce jini ne yake taruwa a cikin ƙoƙon kai. Aka yi masa aiki a ranar, aka bar shi cikin barcin magani, injin yana taya shi numfashi. Washegari Rémi ya zo da kofi uku a hannu, ya tsaya a baranda yana murza hularsa. Larysa ta tare shi.

"Ka ga inda ya nufa da idonka. Ta yaya ya ci gwajin?"

"Ƙanwata, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba."

Rémi ya sauke murya. Ya ce a farkon kakar wasa ake yi wa kowa gwajin tun yana lafiya, a auna saurin tunaninsa da abin da yake iya riƙewa a ka. In an buge mutum sai a sake, a kwatanta da na farko. Don haka tsofaffin hannu ba sa nuna iyawarsu a na farkon. Da gangan suke jinkiri, su mance kalma ɗaya ko biyu, don ranar da kai ya ruɗe kada a ga bambanci.

"Shi ya koya mini ma. Ya ce Rémi, yi kamar kakarka ce take danna na'urar gwajin. Muka yi ta dariya." Ya share fuska da hannu. "In aka zaunar da kai wata guda, yaro ɗan shekara ashirin zai sa rigarka, shi ke nan. Colby kuwa wasanni kaɗan suka rage masa. Cewa yake so ya fita da ƙafarsa, ba a fitar da shi ba."

Orest yana zaune a kujera yana ji, kofin yana hucewa a hannunsa. Da likita ta fito, wata doguwar mata mai furfura, ya miƙe ya cire hula.

"Likita, da a ce ya kwanta a wurin, an ɗauke shi nan take fa?"

"Malam Yaremko, wannan ba ni da amsarta. Da wuri ya fi, iyakar abin da zan ce ke nan."

Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna.

Wani maƙwabci ya karɓi kula da shanu, ya sa ɗansa ya kawo Marlene. Ita take zama a gefen gadon yanzu, tana ba Colby labarin gari kamar yana ji: wa ya sayar da gona, wa ya faɗa rami da mota. Larysa ba ta iya daɗewa a ɗakin. Takan shiga ta riƙe hannunsa mai yatsu a karkace, ta fito baranda, in ta ji takun takalmi sai ta waiga ta ga ko likita ce.

Likitar ta ce kumburin ya fara sauka kaɗan. In ya ci gaba da sauka, ranar Alhamis za su rage maganin barcin su gani. Ta ce ba ta san ko zai farka ba, in ya farka kuma ba ta san ko zai gane su ba. Yau Talata.