Mai Agogo da Uwar Kifi

Mai Agogo ya shekara talatin yana gyaran agogo a shagon da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, har wayar hannu ta zo ta kwashe masa jama'a. Da zaman banza ya ishe shi, sai ya sayo akwatin gilashi da jajayen kifayen ado biyu, mace da namiji. Burinsa ɗaya ne, ya ga 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a hannunsa.

Mai sayar da kifin ya gargaɗe shi cewa da zarar macen ta saki ƙwai a jikin zaren ulun da ake sa musu a ruwan, a kwashe iyayen. Shi kuwa ya ga wannan tsagwaron rashin imani ne.

"Haba! A raba uwa da 'ya'yanta? Ba dai a shagona ba."

Sau uku tana ƙwai, sau uku suna ɓacewa. Ya zargi kyanwar maƙwabci, ya zargi ruwan famfo, har matarsa sai da ta sha tambayoyi, ita da iyakarta kawo masa abincin rana. Bawan Allah ya rame kamar shi ya yi naƙudar.

A karo na huɗu ya maƙala gilashin duba cikin agogo a ido, ya ja kujera ya kasa ya tsare. Ga ƙwai nan reras, ƙanana kamar kan allura. Sai ga uwar ta taho cikin natsuwa, ta buɗe baki. Ɗaya. Biyu. Uban na biye da ita yana share ragowar.

"Innalillahi! Hajiya, 'ya'yanki ne fa!"

Nan take ya kwashe iyayen zuwa bokiti. Bayan kwana huɗu sai ga wasu 'yan zarurruka masu idanu manne da gilashi. Ya ƙirga sittin da uku, ya yi hawayensa bai ɓoye ba. Da suka fara iyo, gwaiduwar dafaffen ƙwai yake lakato musu a kan tsinke.

Amma tausayi bai bar shi ba. Ya sa uwar a babbar kwalba, ya jingina da akwatin don ta riƙa ganinsu. Ta kuwa manna baki a gilashi, ko motsi.

"Dubi yadda take kewarsu," ya ce wa matarsa.

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Malam, wannan ai kallon mai jin yunwa ne."

Maganar ta yi masa ciwo. Can ya yanko kwali ya sa tsakaninsu, ya ja kujerarsa ɓangaren uwar, ya marmasa mata abinci.

"Ci wannan, Hajiya," ya ce. "Ni zan riƙe miki su."