Jan Hancin Yaya Arvo

Yayana Arvo bai taɓa kai giya bakinsa ba, ko a ranar aurensa. Amma duk wanda ya kalli fuskarsa zai rantse a mashaya ya kwana. Tun da ya haura arba'in kumatunsa suka yi jawur, ƙuraje suka feso, hancin ya kumbura kamar nunannen tumatir.

Shi ke tuƙa bas ɗin makarantar garinmu a arewacin Michigan. Ya san yaron da ke makara, ya san wanda ke fitowa ba karin kumallo. Aikin nan shi ne ransa.

Mu jikokin 'yan Finland magani ɗaya muka sani, ɗakin sirace. Mura ce, ciwon baya ne, ɓacin rai ne, sai a hura murhu, a watsa ruwa kan duwatsu masu zafi, a sha gumi, a fito a yi birgima cikin dusar ƙanƙara. Matarsa Lempi ta dage sai ya riƙa shiga kullum, wai gumi zai fitar da dattin. Fuska kuwa sai ƙara rincaɓewa take yi.

Ana haka wata Darlene, sabuwar zuwa garin, ta kai ƙara makaranta, ta ce ba za ta damƙa 'yarta a hannun mashayi ba. Aka dakatar da shi. Raina ya ɓaci, na ɗauki rigar sanyi zan je in wanke ta tas, ya tare ƙofa.

"Ke dai Helmi kin cika zafin kai. Uwa ce fa. Ni kaina in na ga fuskar nan a madubi ba na yarda da ita."

"To tashi mu je asibiti, sarkin haƙuri."

Likitar fata ta duba shi da kyau, ta ce sunan ciwon roseshiya. Yana yawan kama farar fata irin tamu, har wanda bai san ɗanɗanon giya ba. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana lafawa. Da ta ji irin jinyar da muke yi masa sai ta dafe kai: zafi, sanyi, kofi mai tururi, duk su ke tayar da shi. Ta ba shi man shafawa da maganin sha, ta ce ya kare fuska daga rana da iska, ya kuma bar sirace.

"Likita, ki ce in bar numfashi mana!"

"Kai ka san wanda ka fi so, sirace ko bas."

Ya bari. Ranar Asabar shi ke hura wa ƙannenmu murhu, sannan ya zauna a baranda da kofin da ya huce, suna leƙowa suna tsokanarsa: "Maigadi, ƙaro itace!" Ya ba ni tausayi ƙwarai. Amma kafin bazara ƙurajen sun kwanta, likitar ta yi wa makaranta bayani, aka mayar da shi bakin aiki. Baiwar Allahn nan ba zan daina gode mata ba.

Ranar da ya koma na bi shi cikin bas, don kawai in ga idon Darlene. Tana bakin titi riƙe da hannun yarinyar. Ƙofa ta buɗe, Darlene ta dube shi. Ni kuwa na shirya mata maganganu cike da ciki, amma Arvo ya riga ni.

"Koma gida, maman Katie, akwai sanyi. Zan kai ta, zan dawo miki da ita."

Ta saki hannun yarinyar.